Yadda sauro ya rufe wa Somaliya kasuwar raguna ta Saudiyya

Jama'a makiyaya da fatake, a shirinmu na wannan mako mun leƙa kasuwar bisashe ta Saudiyya. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwa da ciyawa, ga kuma alhazai da ke yanka hadaya kowace shekara. Shi ya sa take sayen miliyoyin tumaki da awaki daga waje, musamman daga Sudan da Somaliya. Ana loda su a jiragen ruwa daga tashoshi irin su Barbara da Bosaso, a sauke su a Jidda.

To, a watan Satumba na 2000 sai zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla a yankin Jizan, kudu maso yammacin Saudiyya, da kuma Yaman. Karo na farko ke nan da aka ga cutar a wajen Afirka, kuma mutane fiye da 100 suka rasu a Saudiyya kaɗai. Nan take hukuma ta hana shigo da bisashe daga ƙasashen gabashin Afirka. Somaliya ba ta sake samun wannan ƙofa a buɗe ba sai 2009. Ku duba fa, shekara 9! Ragon da aka yi kiwo don Hajji ya rasa mai saye, farashi ya faɗi, mai garke da dillali da mai mota kowa ya ji a jikinsa. A 2019 ma an yi wa Sudan irin wannan hani da cutar ta bayyana a can.

Me ya sa suke tsoronta haka? Sauro ne ke ɗaukar ta, ta fi yaɗuwa bayan ruwa mai yawa, lokacin da tafkuna suka cika. Alamarta ita ce tumaki da awaki su riƙa ɓari a jere, 'yan raguna suna mutuwa. Mutum kuma yana kamuwa ta jinin dabba wajen yanka da fiɗa, ko taɓa ɓari, ko shan ɗanyar madara. Ku tuna yawan yankan da ake yi a Mina cikin 'yan kwanaki, za ku gane dalili.

Don haka yanzu dabba ba ta shiga jirgi sai an killace ta a tashar, an gwada jininta, likitan bisashe ya ba da takarda. Wuraren killacewar da aka gina a tashoshin Somaliya na cikin abin da ya dawo musu da kasuwar.

Kada ku ce abin na nesa ne. A 2016 wannan cuta ta ɓulla a jihar Tawa, wajen Cintabaradan, ta kashe mutane da bisashe. Mai saye kuwa in zai rufe iyaka ba ya tambayar garken wa ya kamu, ƙasar gaba ɗaya yake rufe wa, mai lafiyayyen garke ma ya zauna da nasa.

Saboda haka in kun ga ɓari ya yi yawa a garke, ku sanar da likitan bisashe, kada ku kora su kasuwa don gudun asara. Kada a taɓa ɓari da hannu tsirara, kada a yanka marar lafiya a ci, a tafasa madara kafin a sha. Ɗan kasuwa kuma, takardar lafiyar dabbobinka ta kasance a aljihu kafin ka isa bakin iyaka.

Allah ya kiyaye mana garke, ya ba da kasuwa.