Abubuwan da ya kamata ka sani game da tsara tushen kenel na Linux

Mene ne kenel?

Wayar Android da ke hannun mai sayar da kifi a kasuwar Haɗejiya, Tecno ce ko Itel, a kan Linux take aiki. Linux kuwa kenel ne, wato ƙwayar manhajar da ke tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. Shi ke raba wa kowace manhaja lokaci da ma'ajiya, shi ke magana da batir da kyamara. Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991, yana ɗalibi a Helsinki. Lasisinsa, GPL na biyu, ya ba kowa damar karantawa da gyarawa, bisa sharaɗin duk wanda ya raba wa jama'a abin da ya gyara ya ba da rubutunsa.

Kenel yana da siffa biyu. Akwai tushe, wato rubutun da mutane ke karantawa, wanda ya haura layi miliyan 30. Akwai kuma ginanne, wanda na'ura ke iya aiki da shi. Tushe kamar shinkafa shanshera ne, ba ya shiga tukunya sai ya bi ta inji. Masu wannan aikin su ne ƙungiyoyi irin su Debian da Ubuntu da Fedora, waɗanda ke haɗa kenel da dubban manhajoji su zama cikakken tsari, kowace manhaja a cikin ƙunshinta.

Me ya sa tsarawar ke da wuya?

Masu sana'ar da kansu da kogi suke misali: wurin Torvalds shi ne sama, masu rarrabawa irin su Debian su ne ƙasa. Mutumin fadama ba ya bukatar dogon bayani a nan. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, daga bisani ya rarrabu, wani reshe ya bi Marma zuwa Nguru, wani ya bi Burum Gana. Abin da aka saki daga madatsar Tiga yana isa gona ne kawai idan reshen bai toshe ba.

Sabon kenel yana fitowa kusan kowane mako tara ko goma, alhali mai kwamfuta yana son abin da zai zauna shekaru. Na'urori ma ba iri ɗaya ba ne: ginin da ya dace da kwamfutar ofis bai dace da ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwar ARM ba. Debian 3.1 ta 2005 tana aiki a kan nau'in na'ura 11, da kenel biyu, 2.4.27 da 2.6.8, kuma kowane nau'i yana da nasa ƙunshin gini. A lokacin, idan aka gano ɓaraka ɗaya ta tsaro, sai an bi ƙunshe-ƙunshen nan ɗaya bayan ɗaya. A shekarar ne aka haɗe su a ƙunshi guda mai suna linux-2.6, wanda daga baya ya koma linux kawai.

Yadda yake aiki a yau

Debian takan zaɓi kenel mai doguwar kulawa, irin wanda Greg Kroah-Hartman da abokan aikinsa ke ci gaba da gyarawa shekara da shekaru. Debian 12 ta 2023 ta ɗauki 6.1. Ana ajiye tushen daban, a ajiye gyare-gyaren Debian daban a matsayin faci, kowane da bayanin dalilinsa. Ƙa'idar ita ce a fara kai gyara sama ya samu karɓuwa, domin facin da ya tsaya a ƙasa kaɗai sai an sake ɗinka shi duk lokacin da sabon kenel ya zo.

Daga wannan tushe ɗaya ake fitar da ƙunshe-ƙunshe da dama. Mai suna linux-image shi ne kenel ɗin da na'ura ke tashi da shi. Mai suna linux-headers na masu gina direba ne, wato ƙaramar manhajar da ke tafiyar da wani sashe na na'ura. Mai suna linux-source na wanda ke son gina nasa ne. A Debian 12, a suna irin 6.1.0-18-amd64, lambar 18 tana canzawa idan mahaɗar da direbobi ke dogaro da ita ta canza, alamar cewa sai an sake gina su. Sabo yana zama kusa da tsoho, ba ya goge shi, don haka idan sabon ya ƙi tashi ana iya komawa. Wannan dabara ta fi ko'ina amfani inda mai gyara yake nesa, data kuma take da tsada.

Abin da ke biyo baya

A Debian gyaran tsaro ɗaya yana isa kowane nau'in na'ura daga wuri guda. A wayoyi ba haka abin ya kasance ba. Google ta ɗauki kenel ta ƙara nata, mai ƙera ƙwaƙwalwar waya ya ƙara nasa, kamfanin waya ya sake ƙarawa. Kamar rassan kogi, kowane reshe da irin ciyawar kachalar da ta cika shi, shi ya sa waya mai araha takan daina samun gyara tun tana da ƙarfinta. Daga Android 12 ta 2021, Google ta bukaci sabbin wayoyi masu kenel 5.10 zuwa sama su yi amfani da kenel na bai ɗaya mai suna GKI, kamfanoni su ajiye nasu direbobin a gefe. Wayoyin da aka ƙera kafin nan suna nan a kan tsofaffin rassansu.