Fasaha da Kasuwa a Waƙar Hip-Hop

1.0 Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin da malamin adabi ba zai rasa cin karo da su a aji ba akwai wannan: shin waƙar da ta fi samun kasuwa ita ce ta fi inganci? Da wuya a sami fagen da aka fi tafka wannan muhawara a zamaninmu kamar na waƙar hip-hop ta Amurka, wadda wasu kafofin watsa labarai na Hausa ke kira gambarar zamani. Za mu ɗauke ta a matsayin misali domin ɗalibi ya ga yadda ake bambanta ma'aunin manazarci da na ɗan kasuwa.

2.0 Tushen Saɓanin

An haifi wannan waƙa a unguwar Bronx ta birnin New York, a tsakanin matasa baƙaƙen fata da 'yan asalin tsibiran Karibiyan. Masu tarihinta sukan fara lissafi daga wani wasa da DJ Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, ya shirya ranar 11 ga Agusta, 1973. An yi kusan shekara shida ana yin ta ba tare da ta shiga faifai ba. A dandali ake gane gwani, ta hanyar gasar kirari da zambo da saurin harshe, jama'ar da ke wurin kuwa su ne alƙalai.

A shekarar 1979 wani kamfani ya haɗa samari uku waɗanda ba su yi suna a dandalin Bronx ba, ya sa musu suna Sugarhill Gang, suka fitar da "Rapper's Delight". Waƙar ta game duniya, amma wasu baitocinta na Grandmaster Caz ne, ba a kuma sa sunansa cikin mawallafanta ba. Ke nan tun daga faifan farko da ya yi kasuwa aka soma ƙorafin cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙorafin ya ƙara ƙarfi a 1990, lokacin da kundin MC Hammer ya kama hanyar sayar da kwafi sama da miliyan 10, alhali gwanayen fannin suna ganin rawa da ado sun rinjayi kalmominsa.

3.0 Misalin Illmatic

Kundin Illmatic, wanda Nas ya fitar a watan Afrilu na 1994 yana ɗan shekara 20, shi ya fi fito da matsalar fili. Gajeren aiki ne, guda 10 kacal, tsawonsa bai kai minti 40 ba. Jigonsa rayuwar matashi a rukunin gidajen talakawa na Queensbridge: talauci da ƙwaya da kurkuku da fargabar mutuwa. Abin da ya ɗaukaka shi a idon manazarta shi ne salo. Bai tsaya ga amsa-amon ƙarshen ɗango ba, yakan jera amsa-amon ciki mai gaɓa biyu ko uku, ya ƙetare da jimla daga ɗango zuwa ɗango ba tare da kari ya karye ba, tafarkin da Rakim ya share tun 1987. Waƙar "One Love" kuwa an zuba ta ne a siffar wasiƙu zuwa ga abokai da ke tsare, dabarar da ke sa mai sauraro ya ji kamar asirin wani yake leƙawa. Mujallar The Source ta ba kundin makinta mafi girma.

Sai dai kasuwa ba ta yi hanzarin amsawa ba. Sai a 1996 aka tabbatar ya sayar da kwafi 500,000, bai kai miliyan ɗaya ba sai 2001. Kundinsa na biyu, It Was Written, na 1996, wanda aka sassauta wa kiɗa domin gidajen rediyo, ya hau matsayi na ɗaya tun makonsa na farko, nan take wasu masoyansa suka zarge shi da sayar da fasaharsa. Duk da haka, Illmatic ne Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanar a 2021 cewa ya shigar cikin rajistar muryoyin da ƙasar ke adanawa.

4.0 Auna Hujjoji

Masu fifita kasuwa suna cewa waƙa don jama'a ake yin ta, wadda miliyoyi suka karɓa ba za a ce ba ta da wani abu ba. Sukan ƙara da cewa mawaƙin da ya taso cikin talauci bai cancanci zargi don ya nemi arziki ba. Wannan magana ta biyu tana da ƙarfi, bai kuma kamata Bahaushe ya yi mamakinta ba. Narambaɗa da Mamman Shata don kyauta suka yi da yawa daga waƙoƙinsu, hakan bai hana a nazarce su a jami'o'inmu ba.

Rauninsu yana ga magana ta farko. Yawan kwafi yana auna nisan da waƙa ta kai, nisan kuwa ya dogara da kuɗin talla da yardar gidajen rediyo da ƙarfin kamfani wajen rarrabawa. A yau da ake sauraro ta intanet, manhaja kamar Spotify tana ƙirga waƙa da zarar an saurare ta daƙiƙa 30, don haka mawaƙi yana da dalilin gaggauta amshi ko da ɗiyan waƙar ba su nuna ba.

Su ma masu fifita fasaha sukan zarce gona da iri, har su mayar da rashin ciniki shaidar inganci. Kendrick Lamar ya rushe wannan zato: kundinsa DAMN. na 2017 ya hau matsayi na ɗaya, a 2018 kuma ya ci kyautar Pulitzer ta kiɗa, karo na farko da aka ba wani aikin da ba na kiɗan gargajiyar Turai ko na jaz ba. A ganina, inda kasuwa ke cutar da waƙa shi ne inda ta shiga cikin zubinta, ta zaɓa wa mawaƙi jigo da tsawon baiti tun kafin ya buɗe baki.

A aji, idan ɗalibai suka rabu biyu kan wannan batu, malami ya hana su kafa hujja da yawan masu sauraro ko dukiyar mawaƙi. Ya sa kowane ɓangare ya rubuto baiti guda na gwaninsa a allo, a cire kiɗa, a bi shi ɗango-ɗango ana neman jigo da amsa-amo da adon harshe. Daga nan sai a mayar da kiɗan a sake saurare, domin waƙar baka ce, kuma akwai gwanintar numfashi da murya da allo ba ya iya nunawa.