Layi uku da ke gaya wa na'ura abin yi: wa zai duba su a ma'aikatu?

A tashar motar Utako, ɗan allon da ake ɗorawa a rufin mota shi ne jagoran baƙo. In ya ga an rubuta Kaduna, ba ya leƙa inji, shiga yake yi ya zauna. In kuwa allon bai gamsar da shi ba, yana da baki, sai ya tambayi ɗan kamasho.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake kira 'yan aiken AI, waɗanda ke zartar da aiki ba amsa tambaya kaɗai ba, su ma da irin wannan allo suke aiki, sai dai ba su da ɗan kamasho. Duk wata manhajar da aka haɗa su da ita, ta binciko fayil ce, ta aika wasiƙa ko ta biyan kuɗi, tana zuwa da suna da 'yan layukan bayani: ga abin da take yi, ga abin da za a ba ta. Ɗan aiken ba ya ganin cikinta. Bayanin yake karantawa ya yanke hukunci. Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar haɗi ta MCP a Nuwamban 2024, OpenAI kuma ya karɓe ta a Maris na 2025, haɗa irin waɗannan manhajoji ya yi sauƙi ƙwarai.

Lamarin ya kusanto teburin ma'aikacin tarayya. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, a ƙarƙashin Didi Esther Walson-Jack, ya ƙaddamar da Service-Wise GPT domin amsa tambayoyi kan dokokin aiki, ya kuma sa wa ma'aikatu wa'adin 31 ga Disamban 2025 su daina aiki da takarda. Da zarar fayiloli sun koma kwamfuta, ɗan kwangilar da zai zo da tayin ɗan aiken da zai riƙa motsa su ba zai yi nisa ba.

To, da me ake gane bayani mai kyau? Ba da daɗin Turancinsa ba. A ɗauki misalin kuɗi. Tsarin biya na Paystack yana karɓar adadi ne a kwabo, ba a naira ba. In bayanin ya ce "adadin kuɗi" ya tsaya, ɗan aiken da aka umarta ya nemi naira 50,000 zai iya rubuta 50000, abin da zai fita kuwa naira 500 ne. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa, domin a wurin na'ura lambar daidai take. Haka "lambar ma'aikaci": ta IPPIS ake nufi ko ta fayil ɗinsa? Haka 03/04: uku ga Afrilu irin namu, ko huɗu ga Maris irin na Amurka? Duk wanda ya taɓa karɓar fayil daga oga da "a ɗauki mataki" kawai a kai ya san wannan ruɗani. Shi yana iya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaya. Na'ura sau da yawa cankawa take yi, kuma ta canka babu ɗar.

Bayani mai inganci yana kuma faɗin lokacin da bai kamata a taɓa manhajar ba, da ko abin da ta yi yana warwaruwa. Tsara daftarin wasiƙa daban, aika ta daban.

Karatu kaɗai ba ya isa, sai an gwada. Injiniyoyin Anthropic sun bayyana a Disamban 2024 cewa a wani aikinsu, lokacin da gyaran manhajojin ya ci ya fi wanda babban umarnin ya ci. Sun lura ɗan aiken yana ɓata hanyar fayiloli. Da suka wajabta rubuta cikakken adireshin fayil, kuskuren ya kau. Ma'aikata za ta iya yin irin wannan da tsofaffin buƙatunta na gaske, har da masu harshen damo da waɗanda amsarsu "a'a" ce, a ƙirga sau nawa aka zaɓi manhajar da ta dace.

Akwai kuma haɗarin da ya wuce sakaci. A Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs na Suwizalan ya nuna yadda ake ɓoye umarni a cikin bayanin wata manhajar tara lambobi, wanda ya sa ɗan aiken ya kwaso fayilolin sirri, alhali mai amfani ba ya ganin komai sai taƙaitaccen suna. Ga ofishin da ke riƙe da bayanan albashi ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023, wannan dalili ne na neman cikakken rubutun kowane bayani kafin a sa hannu, da sake nemansa duk sanda aka sabunta manhajar.

A ganina kuskure ne a bar wannan dubawa ga sashen kwamfuta shi kaɗai. Injiniya ya san me manhajar ke yi, amma jami'in rajista ne ya san cewa mutum biyu masu suna ɗaya suna sashe ɗaya, jami'in kuɗi kuma shi ya san wane alawus ake biya da albashi, wane ake biya daban. A kwamitin karɓar aiki, a ajiye musu kujera, a miƙa musu bayanan a buge da biro a gefe.