Aukin Shinkafa da Shan Man Mota

Duk mai awo ya san abin da zai ce idan mace ta tsaya gaban buhunsa tana murza shinkafa a tafin hannu. "Hajiya, wannan ai auki gare ta, mudu ɗaya ya ƙosar da mutum goma." Kuma ba lallai ƙarya yake yi ba. Akwai gidan da aka dafa mudun nan mutum goma suka ci suka sha ruwa: an haɗa da wake, miya ta wadata, masu cin kuma rabinsu yara ne da tsofaffi. Amma kai mudun nan gidan da samari biyar suka dawo daga gona, ga baƙo ya yi sallama, ga kwanon maƙwabciya, ga almajiri a ƙofa, sai tukunya ta ga ƙasa tun uwargida ba ta zuba nata ba. Shinkafar ba ta canza ba, gidan ne daban.

Dillalin mota ma da irin tasa. "Alhaji, wannan ai shinshinar mai take yi." Shi kuwa har da takarda a hannu. Ɗauki Toyota RAV4 ƙirar 2013, ƙaramar jif ɗin nan da ake shigo da ita daga Amurka ta Kwatano ko Legas. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta rubuta mata mil 24 a galan cikin gari, mil 31 a babbar hanya, 26 idan an haɗa. A lissafinmu, kilomita 10 ke nan a lita cikin gari, 13 a hanya, 11 a tsakatsaki. Wanda ya saye ta yana kai yara makaranta, yana kutsawa cunkoson Kantin Kwari da rana tsaka, ba zai daɗe ba zai fara zargin ko bakanike, ko gidan mai, ko yaron da yake aika.

A wane gida aka dafa wannan mudun? A ɗakin gwaji. Motar ba ta taka kwalta ba. Ana ɗora tayoyinta a kan wasu manyan gangunan ƙarfe masu juyawa, direba ya zauna yana bin wani layi a allo da ke gaya masa inda zai taka totur da inda zai taka birki, a tara hayaƙin da ya fita ta salansa, daga shi a lissafa man da ta ƙona. Haka ake yi a Turai ma. Tsohon gwajinsu, NEDC, wanda aka yi shekara da shekaru ana amfani da shi, tafiyar kilomita 11 ce cikin minti 20, matsakaicin gudu kilomita 34 a awa. Daga tsaye zuwa gudun 50 an ba direba daƙiƙa 26, abin da in ka gwada a danja masu Keke Napep za su cika maka kunne da hon. Ba hawa, ba gangara, ba iskar da ke bugun gaba, ba fasinja, fitilu a kashe, na'urar sanyaya mota a kashe.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Sai dai a ƙasashen Turai da dama harajin mota da iyakar hayaƙin da aka ƙayyade wa kamfani duk a kan wannan adadi suke rataye, don haka kamfanoni suka ƙware wajen shirya wa jarrabawa. A cika wa taya iska fiye da kima, a liƙe tsagogin jikin mota da tef, a kawo batir cike taf don kada inji ya wahala wajen caji, a zaɓi samfurin da ba shi da kayan alatu masu nauyi. Doka ba ta hana yawancin wannan ba. Kamar dai a jiƙa shinkafar tun dare, a cika mata ruwa, a zaɓo marasa ci, sannan a ce a zo a ga auki. Cibiyar bincike ta ICCT ta bi diddigin abin da direbobi suke sha a zahiri, ta ga giɓin da ke tsakanin takarda da titi bai kai kashi 10 cikin ɗari ba a 2001, amma zuwa 2016 ya haura kashi 40.

A 2017 Turai ta koma sabon gwaji, WLTP: minti 30, kilomita 23, gudu har 131, da taka totur irin na mutane. Ya rage giɓin, bai kashe shi ba. Sababbin motocin Turai yanzu suna ɗauke da na'urar da ke rubuta kowace lita da aka ƙona, kuma rahoton da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2024 daga bayanan motocin 2021 ya nuna masu fetur da dizal suna shan kusan kashi 20 sama da abin da aka rubuta. Waɗanda ke haɗa fetur da batirin da ake caji a soket kuwa, nasu ya ninka sau uku da rabi, saboda masu su ba sa cajin kamar yadda gwajin ya ɗauka.

Akwai kuma tauye mudu na gaskiya, wanda ba ruwansa da bambancin gida. A 2012 EPA ta gano Hyundai da Kia sun ƙara wa motocinsu adadi, a 2014 suka biya tarar dala miliyan 100. A 2016 Mitsubishi ta amsa cewa ta yi coge a gwajin wasu ƙananan motoci a Japan, abokiyar hulɗarta Nissan ce ta bankaɗo, shugaban kamfanin ya sauka. Amma waɗannan su ne kaɗan. Yawancin giɓin halal ne a idon doka, abin da ya fi damuna ke nan.

Ƙaramar jif kuma tana da nata laifin. Ginin ƙaramar mota ne aka ɗaga sama, aka faɗaɗa mata taya, aka ƙara mata nauyi, wata ma tayoyi huɗu ke ja. Doguwar gaba tana tare iska, ƙarfin iskar kuwa idan gudu ya ninka biyu shi ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa mai tafiya Kaduna daga Kano a gudun 130 yake ƙona abin da mai tafiya a 100 ba zai ƙona ba, ko da motarsu ɗaya. Ga kuma yayin ƙaramin inji mai turbo, irin mai lita 1.5 da Honda ta sa wa CR-V daga ƙirar 2017. A ɗakin gwaji, inda ake lallaɓa totur, yana sha kamar ƙaramin inji. Loda mata mutum biyar da kayan biki, ka nemi wuce tirela, sai ya ba ka ƙarfin babban inji, ya kuma karɓi ladan babban inji.

Sauran baƙin da ke cinye tukunyar mun san su. Ma'aikatar makamashi ta Amurka da kanta ta ce a tsananin zafi na'urar sanyaya mota kan iya cin fiye da kashi 25 na tafiyar da mai zai yi, musamman a gajeriyar tafiya, kuma wa zai kashe ta a watan Afrilu a Sakkwato? Ta ce inji a kunne mota na tsaye yana ƙona rubu'i zuwa rabin galan a awa, wato lita ɗaya zuwa biyu, ba ko taku ɗaya. Tuna wannan ranar da ka bar ta a kunne kana jiran Hajiya ta fito daga gidan suna. Kaya a saman rufi, ramuka da ke sa birki da totur ba hutu, tayar da mai faci ya auna da bugun hannu, duk kowa da lomarsa. Sannan adadin na sabuwar mota ne. Wadda ta iso hannunmu ta shekara goma a wani gida, filoginta sun gaji, na'urar da ke daidaita mai da iska ta fara ƙarya, fitilar gargaɗin inji kuma tun ranar saye take kunne an ce "ba komai, haka suke".

Da can ba wanda ya damu. A farashin hukuma, lita ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai. A 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. A ce mutum yana tafiyar kilomita 1,000 a wata. A lissafin takarda lita 91 ce. In motar tana ba shi kilomita 8 a lita, 125 ce. Lita 34 ɗin nan ba ta cikin kasafin da ya yi ranar da yake taya mota.

Ba ina cewa a yar da takardar ba. Amfaninta shi ne gwada mota da mota, kamar yadda mai dafa shinkafa iri biyu a tukunya ɗaya za ta iya gaya maka wadda ta fi auki, ko da ba ta san yawan bakunan gidanka ba. Sharaɗin shi ne mudun ya zama ɗaya, domin na wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Galan ɗin Ingila lita 4.5 ne, na Amurka 3.8, saboda haka mota ɗaya za ta fi kyan gani da kashi 20 a takardar Ingila. Adadin Amurka ne ya fi kusa da gaskiya, tun da a 2008 suka shigar da gudu mai tsanani da sanyi da kunna na'urar sanyaya cikin lissafinsu.

Na gidanka kuwa kai za ka auna. Cika tanki har bakin famfo ya tsaya da kansa, mayar da ma'aunin tafiya sifiri, yi harkokinka yadda ka saba, koma famfon nan dai ka sake cikawa, ka raba tafiyar da litocin da suka shiga. Maimaita a tanki uku ko huɗu, don mako ba ya kama da mako. Kada ka dogara da adadin da ke gaban sitiyari, yakan yi wa motar kara. Kuma in 'yar Amurka ce, duba ko mil take ƙirgawa: sai ka ninka da 1.6 kafin ka raba, in ba haka ba za ka kai wa bakanike motar da lafiyarta ƙalau.