Amsoshin Wasiƙunku: In Rediyon Ƙaramin Jirgin Sama Ya Yi Shiru, Ta Ina Ake Fara Dubawa?

Wasiƙar da za mu amsa a wannan mako ta fito ne daga wani mai gyaran rediyo a Talata Mafara, wanda kuma yake taɓa noman shinkafa a Bakolori. Ya ce ya ga ƙaramin jirgin nan mai feshin tsuntsayen jan-baki, ya ga matuƙinsa da wani abu kife a kunnuwa, ya kuma ji an ce akan fasa tashi idan rediyon jirgi ya ƙi aiki, alhali inji lafiya lau. Tambayoyinsa uku ne: me ya haɗa rediyo da tashin jirgi, me ke lalacewa a cikinsa, kuma shi da ya daɗe yana gyaran rediyo, zai iya sa hannu?

To, Malam, mun gode da wannan tambaya, sai ka gyara zama.

Ka fi mu sanin cewa tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, aka kuma shata fili kamar hekta 23,000 don noman rani a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, wurin ya zama gidan shinkafa. Inda shinkafa take kuwa, nan jan-baki yake. Masana sun ƙiyasta tsuntsu ɗaya yana cin hatsi kamar giram 10 a yini, watau taron miliyan 2 zai iya lashe tan 20 kafin rana ta faɗi. Feshinsu kuwa da almuru ake yi, sa'ad da suka taru a makwancinsu, kuma lokacin ɗan kaɗan ne kafin duhu ya rufa. Ma'aikatan da ke ƙasa su ne idon matuƙi. Su za su gaya masa inda tsuntsayen suka sauka, da inda iska ta nufa, da ko akwai yara ko garken shanu kusa da wurin. In babu magana tsakaninsu, sai dai a haƙura da feshin ranar, don maganin dafi ne, ba a zuba shi da ka. Ka ga ke nan waya guda da ta tsinke tana iya jawo wa manomi asarar buhuna.

Shi rediyon jirgi ɗan'uwan oba-oba ne, irin na 'yan sanda: ka danna ka yi magana, ka saki ka saurara. Yana aiki ne tsakanin megahaz 118 zuwa 137, watau gaba kaɗan da inda tashoshin FM suka ƙare a akwatinka. Wannan zango yana da wani hali da ya kamata ka riƙe: muryarsa miƙe take tafiya kamar hasken tocila, ba ta bin gantsarewar ƙasa yadda gajeren zango ke yi har mu ji London ko Jamus. Saboda haka nisan da za ta kai ya danganta ga tsawon da jirgi ya yi sama. Jirgin da ke mita 300 a sama muryarsa za ta kai kamar kilomita 70. Wanda ya sauko mita 10 yana feshi, da ƙyar ta wuce kilomita 13. Daga Talata Mafara zuwa filin jirgin saman Sakkwato kuwa kimanin kilomita 100 ne, sai jirgi ya yi sama kamar mita 600 kafin su ji juna da hasumiya. Don haka sau da yawa shirun da matuƙi ke ji ba lalacewa ba ce, nisa ne kawai, yana ƙara yin sama sai magana ta dawo.

In kuwa ba nisa ba ne, ƙa'idar masu aikin ita ce a fara daga abin da ya fi kusa kuma ya fi araha, a bar akwatin rediyon sai ƙarshe. Da farko matuƙi zai duba hannunsa: an kunna rediyon? An ƙara murya? Lambar tashar daidai take, ko an juya lamba ɗaya? Jirgi da yawa rediyo biyu gare su, sai mutum ya yi ta magana a na ɗaya yana sauraren na biyu. Akwai kuma wani maɓalli da ke aikin mai gadin ƙofa, yana tare shuuu ɗin iska, ba ya buɗewa sai murya ta zo. In aka matse shi da yawa, sai ya tare har da muryar da ta zo daga nesa a raunane. Akan buɗe shi gaba ɗaya don gwaji: in aka ji shuuu, to, rediyon yana da rai, kunnuwan ma suna aiki.

Daga nan sai abin kunnen da ka gani, wanda samari ke kira hedifon. Amfaninsa biyu ne. Yana kare kunne daga rugugin inji, wanda a ƙaramin jirgi ya isa ya kurmantar da mutum a hankali, yana kuma ɗauke da makirfo a gaban baki. Wayarsa ta rabu biyu a ƙarshe: kai mai kauri, milimita 6 da ɗoriya, na ji ne, mai ɗan siranta, milimita 5 da ɗoriya, na magana ne, kowanne da raminsa. A nan fa mafi yawan rigimar take. Kai ɗaya bai shige har ƙarshe ba, ko zufa da ƙura sun sa ya yi tsatsa, ko wayar ta karye daga ciki a daidai wuyanta saboda yawan lanƙwasawa. Alamarta ka san ta: ka motsa wayar murya ta zo, ka saki ta ɗauke. Shi kuma makirfon, irin na yanzu ba ya aiki sai rediyo ya ba shi 'yar wuta ta cikin wayar, kuma dole ya kusa taɓa leɓe, in ya yi nisa ƙarar inji kawai zai ɗauka.

Akwai wata dabara mai sauƙi. In matuƙi ya danna ya yi magana, yakan ji muryar kansa a kunne. In ya ji ta, makirfo da madanni suna aiki, sai a nemi laifin a gaba, wajen eriya. In bai ji ba, laifin yana tsakanin bakinsa da rediyo. Sai a yi abin da kai ma kake yi a shago: musanya. A kawo wani hedifon a sa a ramin. In magana ta zo, na farkon ne mai laifi. In ba ta zo ba, a koma ramin kujerar gefe. In nan ma shiru, a ɗauki makirfon hannu da lasifikar jirgi. Kowace musanya tana fitar da mutum ɗaya daga zargi, har a kai ga ɓarawon. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ka canza biyu ba za ka san wanda ya gyara ba.

Wani lokaci kuma ba shiru ba ne, hayaniya ce, ita ma kowace da mai ita. Siririn kuka wiii da ke tashi in an ƙara wuta, ya sauka in an rage, daga altaneta yake, watau injin da ke cajin batir. Ƙaf-ƙaf-ƙaf da ke bin bugun inji kuwa daga fulogogi ne da wayoyinsu, irin yadda rediyonka ke yi in babur ya wuce ƙofar shago. In jirgi ya kutsa cikin ƙura mai kauri, irin ta hunturu, gogayyarta da jikinsa tana tara lantarki har rediyo ya riƙa ƙara kamar ana suya. In kuwa ana ji lafiya amma da an danna don magana sai fitilun rediyon su dusashe, batir ne ya yi sanyi, domin aika murya ya fi karɓarta cin wuta nesa ba kusa ba. Eriya ma a duba gindinta, ko ya yi sako-sako, ko tsatsa ta raba shi da jikin jirgi. Kafin a tashi, matuƙi yakan kira a gwada shi, a ba shi maki daga 1 zuwa 5: 1 ba a gane komai, 5 tangaran.

Laifin da ya fi haɗari shi ne madanni ya maƙale a danne. Matuƙi bai sani ba, rediyonsa yana ta aikawa, shi ba ya jin kowa, ya kuma toshe tashar ga duk jiragen da ke yankin. Haka nan in mutum biyu suka danna tare, abin da na uku zai ji ƙara ce kawai mai kama da fito. Kada ka raina wannan. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Cikin dalilan da bincike ya gano har da wannan: hasumiya da ɗaya jirgin sun yi magana a lokaci guda, gargaɗin da zai tsai da mai tashin bai isa kunnensa sosai ba.

To, in rediyo ya mutu ana sama fa? Jirgi ba ya faɗuwa don wannan, fiffike da inji ba su san da rediyo ba. Abin da ake koya wa matuƙi shi ne ya riƙe tuƙinsa tukuna, ya san inda ya nufa, magana ta biyo baya. Zai gwada megahaz 121.5, tashar neman agaji ta duniya duka. Zai sa lamba 7600 a na'urar da ke nuna jirginsa a allon masu lura da sararin sama, su kuwa da sun gani sun san kurma ne ke tafe. Ya iso filin da ke da hasumiya, sai a yi masa magana da fitila: kore tsayayye, sauka, ja tsayayye, dakata ka ci gaba da kewayawa, ja mai ƙyaftawa, filin ba lafiya, kada ka sauka. Shi kuma da rana sai ya kaɗa fikafikansa, alamar ya gani.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Malam, basirar da kake bin waya da ita a shago ita ce dai injiniyan jirgi ke amfani da ita, amma doka ba ta yarda kowa ya buɗe na'urar jirgi ba sai mai lasin daga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, kuma duk abin da ya taɓa sai ya rubuta a littafin jirgin ya sa hannu. Dalili kuwa a fili yake: rediyon gida in gyara bai yi ba, gobe a dawo maka da shi, na jirgi kuwa sai an yi sama ake ganewa. Haka kuma doka ta hana wanda ba shi da izini yin magana a zangon jirage, ko da oba-obarsa tana kamawa. In kana da sha'awar aikin, ko kana da yaro mai kai, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya nan, wadda aka kafa a 1964. Ban da matuƙa, tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi da na na'urorin sadarwa, kuma yaron da ya tashi a shagon gyaran rediyo ba baƙo ba ne a wannan fanni.

Da fatan mun ba ka amsa. Sauran masu sauraro da wasiƙunsu ke hannunmu, a ƙara haƙuri, layi na zuwa kan kowa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.