Yadda ake kwashe farashin sari daga Excel zuwa manhajar lissafi

Sabbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Abuja a watan Yunin 2025 sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Tunda a kan riba ake lissafa harajin kamfani, dole mai sayar da kaya ta intanet ya san nawa kowane kaya ya tsaya masa.

'Yan kasuwa da dama, har da na Kasuwar Wuse, suna ajiye farashin sari a Excel. Idan aka koma manhaja irin QuickBooks ko Zoho Books aka bar gurbin nan fanko, manhajar na iya ɗaukar kuɗin ciniki gaba ɗaya a matsayin riba.

Kafin a kwashe bayanan, a ba kowane kaya lambarsa ta daban, a adana fayil ɗin a tsarin CSV. A cire alamar Naira da waƙafi daga alƙaluma, a kuma duba lambobin da suka fara da sifili, domin Excel na share shi.

Farashin ya haɗa da kuɗin mota da na kwastam, amma harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a ba shi nasa gurbin. Kayan da aka sayo da dala a lissafa su da canjin ranar saye.

A fara gwadawa da kaya goma, a gwada su da rasit, sannan a shigar da sauran.