Kafin wanzami ya zaro aska

Da zarar hunturu ya kama, a Dawanau da ƙauyukan Dawakin Tofa sai a shiga hidimar kaciya. A ganina, akwai tambayar da ta wajaba a kan kowane uba kafin wanzami ya zaro aska: shin a dangin uwar yaron an taɓa samun namijin da jininsa ya ƙi tsayawa?

Dalili kuwa, jini ba ya daskarewa sai da wasu sinadaran furotin, ciki har da Fakta 8 da Fakta 9. Ƙarancin ɗayansu shi ne cutar himofiliya, wadda galibi uwa ke gadar wa ɗanta namiji. Ƙarancin Fakta 8 kan shafi kusan namiji 1 cikin 5,000. Ba maita ba ce, ba kuma sammu ba.

Magani akwai shi. A tsakiyar shekarun 1960 likitoci suka fara ware Fakta 8 daga jinin da aka ba da gudummawa, a 1992 kuma aka samu na ɗakin gwaji. Allurar jijiya ce da ake yi kafin yanka, sai dai akwai tsada.

Saboda haka, yaron da gwiwarsa ke yawan kumbura, ko ƙaramin rauni ya daɗe yana zubar masa da jini, a fara kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a gwada jininsa. Mu 'yan boko da ake jin maganarmu a gida, alhakin faɗakarwa yana wuyanmu. Allah Ya kare mana zuri'a.